Kaya Su Wuce, Mai Kaya Ya Tsaya: Wa Ya Taɓa Cinikin Bizar Talaka?

A watan Agusta na 2025 ma'aikatar harkokin waje ta Yamai ta fitar da wata takarda wadda ta faranta ran mutane da yawa. Takardar ta ce ƴan ƙasashen Italiya, Holan, Jamus, Beljiyam da Ingila, in suna son shigowa Nijar, sai su je neman biza a ofisoshin jakadancin Nijar da ke Jeniba, ko Ankara, ko Mosko. Dalilin da aka bayar ramuwa ce: tun da ofishin jakadancin Faransa ya rufe, ɗan Nijar mai son zuwa Turai sai ya fita wata ƙasa ta maƙwabta kafin a karɓi takardunsa, an kuma roƙi sauran ofisoshin Turawa da ke Yamai su buɗe masa taga, sun yi kunnen uwar shegu. Wanda ya yi maka kan kara, ka yi masa na itace. Masu tafi sun tafa, ba a kuwa ga laifinsu ba, don ramuwar gayya tana da daɗi. Amma in hannu ya huce, sai mutum ya zauna ya yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Bajamushe nawa ne ke kwana da begen ganin Malbaza? Baturen Holan nawa ne zai karye don an ce ya biya ta Ankara? Wace ɗawainiya ce wannan takarda ta sauke daga kan Alhajin Ƙonni? Kafin a rubuta ta yana kwana a tashar ƙasar wasu da jakar takardu ƙarƙashin kansa, bayan an rubuta ta ma can ya kwana.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nema wurin wannan Alhaji, domin da yawa suna jin sunan biza kawai, ba su taɓa ganin tulin takardun da ke bayanta ba. Bizar da ake kira Shengen tana buɗe ƙasashe 29 na Turai har kwana 90 cikin kowane kwana 180. Mai nema zai kawo fasfo wanda bai haura shekara 10 da bugawa ba, wanda zai ci gaba da aiki wata 3 bayan ranar dawowarsa, da shafi 2 da ba a taɓa hatimtawa ba. Zai kawo hotuna, da shaidar kujerar jirgi zuwa da dawowa, da shaidar masauki, da takardar lamunin asibiti da ake kira asirans, wadda za ta iya ɗaukar yuro dubu 30, wato kusan sefa miliyan 20. Zai kawo bayanin ajiyarsa ta banki na watannin baya. In ma'aikaci ne, takardun albashi da izinin hutu. In ɗan kasuwa ne, rajistar kasuwanci da shaidar biyan lanho. Tun 2013 kuma, a Afirka ta Yamma, sai ya je da ƙafarsa an ɗauki zanen yatsunsa goma. Sannan kuɗin dubawa, wanda ya tashi daga yuro 60 a 2007 zuwa 80 a 2020, ya kai 90 a watan Yuni na 2024, wato jika 59 na sefa. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun 2024 jika 42 ne.

Faransa ta ƙara da nata ma'auni na guzuri. Baƙon da ya kama ɗakin otel sai ya nuna yana da yuro 65 na kowace rana, wanda bai kama ba yuro 120, wanda wani mazaunin can ya sa hannu zai sauke shi yuro 32 da rabi. A juya yuro 65 zuwa sefa, za a samu jika 42 da ɗoriya. Guzurin yini guda a Faris daidai yake da gumin wata cur na lebura a Malbaza.

Duk waɗannan ana iya haɗa su in akwai haƙuri da kuɗin mota. Abin da ba ya haɗuwa shi ne sharaɗin da ke ƙarƙashinsu duka: mai nema ya gamsar da ma'aikacin ofishin cewa zai dawo gida. Ana so mutum ya kawo shaidar abin da zai yi gobe, alhali kowane Musulmi ya san wanda ke riƙe da takardar gobe. Da yake ba a iya auna zuciya, sai aka koma auna takarda, a nan ne kuwa zaluncin yake.

A ɗauki dillalin albasa na Galmi. Mutum ne mai loda manyan motoci zuwa Abijan da Akara duk shekara, mai gidaje da gonaki da iyali ashirin a wuyansa, wanda in ya ɗaga waya ya ce a ba wane miliyan biyar a Sakkwato, za a ba shi kafin la'asar, ba tare da an sa hannu ko'ina ba. Dukiyarsa tana cikin rumbun albasa, da garken shanu, da bashin da ke hannun abokan ciniki, da sunansa wanda ya fi duka tsada. A kasuwar Laraba ta Ƙonni, ko ta dabbobi ta Badagishiri, babu wanda zai tambaye shi takardar banki. Yana so ya je Turai ya ga injin ban ruwa da idonsa kafin ya zuba kuɗi, ko ya sayo motar ɗaukar kaya ba ta hannun dillalai uku ba. Ma'aikacin ofishin biza, wanda watakila bai taɓa wuce Doso ba, zai buɗe takardun ya ga asusun da aka buɗe wata huɗu da suka wuce, ya ga kuɗi masu yawa sun shiga rana ɗaya, ya ga takardar haihuwa da alƙali ya yanke bayan mutum ya girma, mai cewa an haife shi «wajen shekara kaza». A idonsa duk alamun maƙaryaci sun cika. Mutumin da ya fi kowa dalilin dawowa gida, shi ne takarda ke nunawa kamar mai shirin gudu.

Abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne Bahaushe ya daɗe da sanin maganin wannan matsala. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa ƙasashe zuwa Gwanja da Kano da Borno, kowane zango da fatomansa, wanda ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, ya ɗauki nauyin bashinsa in ya gudu. Lamuni ne na mutum a kan mutum, kuma ya yi aiki. Turawa suna da mai kama da shi, takardar saukar baƙo da ake sa wa hannu a ofishin magajin gari, amma sun mai da ita ɗaya daga cikin takardu goma sha, ba ta ɗaure ma'aikacin ofishin da komai.

Ma'aikacin gwamnati shi kuma takardunsa sun cika, aljihunsa ne bai cika ba. Malamin makaranta a Illela, ko ma'aikacin lafiya a Tsarnawa, wanda aka gayyata ƙaro ilimi na sati biyu, yana da takardar aike da hatimin minista, yana da takardar albashi. Sai dai bayanin bankinsa yana faɗin gaskiyar da kowa ya sani: albashi ya shiga ƙarshen wata, kafin biyar ga sabon wata ya bi hanyar mai shago da mai haya. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da ake haɗa wata da watanni ba a ga albashi ba, sun san yadda irin wannan takarda ke kunyata mai ita. To wa ya rage? Wanda asusunsa ke cike kullum, wanda ke da gida can da ƴaƴa a makarantun can, wanda ba a tambayarsa inda ya samo. Tsarin da aka ce an kafa don tace mutanen kirki ya zama rariya mai riƙe tsaba ta saki tsakuwa: wanda ya wawure baitulmali yana samun biza ta shekaru, wanda aka wawure wa haƙƙi yana samun takardar ƙi.

Takardar ƙin kuwa abin kallo ce. Fom ne bugagge mai jerin dalilai, a sa alama gaban ɗaya, yawanci mai cewa akwai shakka kan niyyar mai nema ta barin ƙasar kafin bizarsa ta ƙare. Ba a gaya masa takardar da ta gaza. In bai yarda ba, kuma Faransa ce ta hana shi, doka ta ba shi kwana 30 ya kai kuka birnin Nant, cikin Faransanci, ƙasar da aka hana shi shiga. Jika 59 kuwa sun tafi, da kuɗin asirans, da na mota, da na kwanan otel a ƙasar da ya je ajiye takardu. Wace kasuwa ce a duniya ake biyan kuɗin kaya, a hana mutum kayan, a riƙe kuɗin? Wata ƙungiyar bincike ta Landan mai suna LAGO ta lissafa cewa a 2024 kaɗai ƴan Afirka sun bar kusan yuro miliyan 60 a ofisoshin Shengen kan bizar da aka hana su, wato kusan sefa miliyar 39. Sunan wannan abu haraji ne, haraji kuma irin wanda ke hawa kan wanda ya fi talauci, tun da ƙasashen da aka fi hanawa su ne waɗanda suka fi rashi.

Kada mai karatu ya zaci baƙar fata kaɗai ake yi wa. Akwai wata ƙasa can gabas da Indiya, Bangaladash, mai mutane wajen miliyan 170, akasarinsu Musulmi, wadda labarinta madubi ne ga Nijar. A 2024 fiye da rabin ƴan ƙasar da suka nemi bizar Shengen an hana su. A Najeriya da Gana da Senegal adadin ya haura kashi 45 cikin ɗari, alhali a duniya baki ɗaya bai kai kashi 15 ba. Bangaladash tana cikin ƙasashe 12, tare da Najeriya da Gana, waɗanda ɗansu ko sauya jirgi kawai zai yi a filin jirgin Turai, ba tare da ya taka waje ba, sai da wata biza ta musamman. Amma duk wanda ya taɓa tona tulin gwanjo a kasuwar Ƙonni ya ga sunan ƙasar nan a wuyan riguna. Su ne ke ɗinka wa Turai sutura, kuma tun 2001 kayansu ke shiga kasuwar Tarayyar Turai ba kuɗin duwan, ƙarƙashin tsarin da ya buɗe ƙofa ga duk kayan ƙasashe matalauta ban da makamai. A watan Afrilu na 2013 benen Rana Plaza ya rufta kan maɗinka kusa da Daka, mutum 1134 suka mutu suna ɗinka kayan kantunan Turai. Rigar da suka ɗinka tana isa Milan ba a tambaye ta komai ba, mai ɗinkin kuwa ko layin ofishin bai isa ya tsaya ba.

Ɗan Ƙonni ba ya bukatar a fassara masa wannan. Shekara da shekaru yana zaune bakin hanya yana kallon motocin uraniyum na Arlit suna gangarowa ta Tawa da Tsarnawa, su ratsa garinsa su nufi Kwatano, har zuwa rufe iyaka a 2023. A 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na uraniyum da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito. Ba a taɓa jin an tsayar da ganga guda an ce ta kawo shaidar za ta dawo ba.

Masu son tarihi za su tuna cewa a watan Mayu na 1899 Bule da Shanuwan sun shigo Birnin Ƙonni ba da izinin kowa ba, suka ƙone gari suka hallaka jama'a. Gaskiya ne, kuma ba a mance ba, amma tuna shi bai taɓa biya wa kowa kuɗin mota ba. Tarihin da ya fi amfani na kusa ne. Har zuwa Satumba 1986 ɗan Nijar yana shiga Faransa ba biza. Bama-baman da suka tashi a Faris a wannan wata, waɗanda ba ɗan Nijar ko ɗaya a cikinsu, su ne hujjar gwamnatin Shirak ta ɗora wa kusan kowa biza. An ce matakin gaggawa ne. An ɗauke wa Amurkawa da Japanawa daga baya, aka bar wa Afirka. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kome na tafiya ya ninka cikin dare ɗaya, a wannan shekara kuma Yamai ta sa hannu da Faris kan yarjejeniyar zirga-zirga wadda ta tabbatar da biza da shaidar guzuri. A Maris 1995 Shengen ta fara aiki, ƙofa ɗaya ta zama ƙofofi da yawa masu makulli guda.

Turawa suna da amsa, kuma adalci ne a saurare ta. Suna cewa kowace ƙasa tana da ikon zaɓen wanda zai shigo mata, cewa wasu suna shiga da bizar sati biyu su ɓace, cewa takardun jabu sun yi yawa. Duka uku gaskiya ne. Sai dai ikon zaɓe bai halatta riƙe kuɗin wanda aka ƙi ba, laifin wanda ya ɓace kuma ba ya hawa kan wanda bai tafi ba tukuna. Ban da haka, duk wanda ya san Adar ya san inda samarinta ke zuwa cin rani: Najeriya, Abijan, Gana, Libiya, Aljeriya, su dawo da faɗuwar ruwa. Mutum 92 da ƙishirwa ta kashe kusa da iyakar Aljeriya a Oktoba 2013, yawancinsu mata da yara na Kance, ba Turai suka nufa ba. Inda kuma aka toshe ƙofar gaba, ƙididdigar Turawan da kanta ta nuna abin da ke biyo baya. Ƴan Bangaladash, waɗanda aka hana fiye da rabinsu a 2024, su ne suka fi kowace ƙasa yawa cikin waɗanda suka isa Italiya ta teku a shekarar. A Mayu 2020 masu fataucin mutane sun harbe 26 daga cikinsu a garin Mizda na Libiya. Kuɗin da ofishi ya ƙi karɓa da mutunci, ɗan fasa-ƙwauri ya karɓe shi ninki goma.

Amma babban laifi yana gida, kuma a nan ne masu tafi za su ji ba daɗi. Turai ba ta ɓoye cewa biza hajar ciniki ce. Tun 2020 ta rubuta cikin dokarta cewa ƙasar da ba ta karɓar ƴaƴanta da aka koro za a tsananta mata. Ta yi wa Bangaladash da Iraƙi da Gambiya barazana a 2021, ta aiwatar kan Gambiya, har ta ɗaga mata kuɗin zuwa yuro 120 a 2022. Wato ana tayawa, ana sallamawa. Nijar kuwa ta taɓa riƙe hajar da Turai ke so fiye da kome. A Mayu 2015, zamanin shugaba Isufu Mahamadu, ɗan Dandaji ta Illela, aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta mai da jigilar baƙi zuwa arewa laifi. A Nuwamba na shekarar aka yi taron Baleta a tsibirin Malta, inda Turai ta yi alkawarin kuɗi, ta kuma rubuta alkawarin buɗe hanyoyin tafiya na halal. Daga 2016 aka kama direbobi a Agadas, aka ƙwace motoci, jandarman Nijar suka zama masu gadin ƙofar Turai tun daga hamada. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, an kuwa yi askin tas. Kuɗi sun shigo, ayyuka da motoci da tarurruka sun samu. Me ɗan kasuwa da malamin makaranta suka samu a tagar biza? Kuɗinta ya tashi daga yuro 60 zuwa 80. Waɗanda suka zauna teburin ciniki suna tafiya da fasfon difilomasiyya da wasiƙar ma'aikata, ba su san zafin layi ba, shi ya sa ba su tuna da shi ba.

Sojojin da suka karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 sun soke dokar a Nuwamba na shekarar, kuma direbobin Agadas sun yi murna da hujja. Sai dai an soke ta kyauta kamar yadda aka kafa ta, ba a karɓo wa mai fasfo na talaka kome ba. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, jakadanta ya tafi a Satumba, ofishin ya rufe a Janairu 2024, ɗalibai masu takardar shiga jami'a da marasa lafiya masu ranar ganin likita suka tsaya cirko-cirko. Hukunta ɗalibi don a ɓata wa janar rai rashin mutunci ne daga Faris. Korar jakada ba tare da an tanadi inda ɗan ƙasa zai kai takardunsa ba kuma sakaci ne daga Yamai.

Akwai ma abin da ba ya bukatar yardar Bature. Takardar haihuwa da ake samu a kan kari, da rajistar da ba a sayar da hatiminta a bayan ofis, su ne ke sa a gaskata takardun ƙasa a waje. Kowane hatimin jabu da wani ma'aikaci ya buga don jika biyar, ɗan ƙasa mai gaskiya ne ke biyan kuɗinsa a taga. Dillalan biza masu karɓar miliyoyi da alkawarin «sun san wani a ciki» suna yawo a fili, kowa ya san shagunansu. Gwamnatin da ke kukan an wulaƙanta ƴaƴanta a ƙofar Turai, ta ƙirga shingayen da ke tsakanin Ƙonni da Yamai, kilomita 400 da ƴan kai, inda ake sauke talaka daga mota don katin ɗan ƙasa. Ta kuma tuna cewa ga mutumin Ƙonni, ƙofar Illela ta Najeriya, wadda ɗan kabu-kabu ke kai shi cikin mintoci, ta fi Shengen muhimmanci sau dubu. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba shi kwana 90 ba biza; da Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025, abin da ya kasance haƙƙi ya koma alfarma, wadda ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da yi har sai ta sake shawara.

Abin da ya kamata a ɗora kan tebur duk ranar da aka koma magana da Turai, ko kan uraniyum, ko kan hamada, ko kan tsaro, ba shi da wuyar faɗi: taga a Yamai, mayar da kuɗin wanda aka hana ko a rage masa a nema na gaba, dalilin ƙi a rubuce dalla-dalla, da biza mai shekaru ga ɗan kasuwa da ma'aikacin da ya taɓa zuwa ya dawo. A kuma yarda da lamunin majalisar ƴan kasuwa a madadin bayanin banki, kamar yadda fatoma ke tsaya wa baƙonsa. Gwamnati ba za ta ɗauko wannan da kanta ba, tun da masu mulki na jiya da na yau ba su taɓa rasa jika 59 a taga ba. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN, waɗanda yajin aikinsu na 1990 ya buɗe hanyar jam'iyyu da yawa da taron ƙasa na 1991, da reshen majalisar ƴan kasuwa na Tawa, su ne ke da mutanen da abin ya shafa. Za su iya farawa da littafi guda da biro a Ƙonni, ɗaya a Malbaza, ɗaya a Illela, inda duk wanda aka hana zai rubuta ranar da ya nema, ƙasar da ya je ajiye takardu, abin da ya kashe, da dalilin da aka sa wa alama. Bayan shekara guda a haɗa lissafin, a kai wa ministan harkokin waje a gaban ƴan jarida.